Ƙurar Da Ta Bi Sojojin Ruwa Har Gida

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya a sami jirgin ruwan yaƙin Amurka wanda ba a naɗe bututunsa da tukunyar injinsa da asbestos ba, domin ba ya cin wuta. To, amma da zarar an harba igwa jirgi ya girgiza, sai ƙurarsa ta turnuƙe ɗakunan ciki, sojoji su yi ta shaƙa. Ƙurar nan takan kwanta a ƙirji shekara 20 har 50 kafin ta zama sankarar tantanin huhu. Wannan cuta ce ta yi ajalin Admiral Elmo Zumwalt a 2000, mutumin da ya tsira daga gumurzun Leyte na 1944, har ya shugabanci rundunar ruwan Amurka daga 1970 zuwa 1974.