*MAGNIZIYOM: SINADARIN DA MUKE ZUBA WA AWAKI A CIKIN DUSA*



Maigida, uwargida, in an surfe gero ko dawa an bakace, ina dusar take zuwa? Wurin awaki da kaji. To ku sani, kaso mai yawa na sinadarin magniziyom da Allah Ya ajiye a ƙwayar hatsi yana cikin wannan dusa ne. Haka abin yake ga farar shinkafa da farar fulawa: an yi musu kyau a ido, amma an rage musu albarka.

*Mene ne aikinsa?*
Jikin baligi yana ɗauke da kusan giram 25 na magniziyom, fiye da rabi a cikin ƙashi. Yana da hannu a ayyuka sama da 300 a jiki: shi ke taimaka wa tsoka ta saki bayan ta ɗaure, da saƙon jijiyoyi, da daidaita bugun zuciya, da sarrafa sukari a jini. Namiji baligi na buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320, mai juna biyu kuma ta ɗan fi haka.

*Alamomin ƙarancinsa*
Yakan fara da kasala, rashin son abinci da tashin zuciya. In ya yi nisa sai ɗaurewar tsoka, mutuwar gaɓoɓi, har bugun zuciya ya rikice. Amma fa kada kowace gajiya ka ce magniziyom ne; zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini ma suna kawo haka. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ciwon suga, dattawa, masu gudawa mai daɗewa, masu shan ƙwayar sa fitsari saboda hawan jini, da wanda ya daɗe yana shan omeprazole don gyambon ciki.

*A ina za ka same shi?*
Ba sai ka je kemis ba, yana cikin kwanon gidanka:
• Riɗi: giram 100 na da kusan miligiram 350. A yi kantu, ko a zuba a miya.
• Gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wake da waken suya.
• 'Ya'yan kabewa, waɗanda yawanci zubarwa ake yi. A wanke, a shanya, a soya wa yara.
• Ganye: alayyahu, zogale, kuka. Kada a tafasa ganye a zubar da ruwan, don wani kaso yana fita a ciki.
• Gero da dawa, in ba a tsananta surfe ba. Ko kunu da fura a riƙa yi da wanda aka wanke tas aka niƙa da bayansa.

Ya zo a Sahihul Bukhari, daga Sahlu ɗan Sa'ad (RA), cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) ba su da rariya. Niƙa sha'ir suke yi su hure abin da ya tashi, su kwaɓa sauran. Sauƙin rayuwa ne ya sa haka, amma ka ga garin da suke ci bai rabu da dusarsa ba.

*Gargaɗi, don Allah a kula*
Wanda ke cikin abinci ba ya cutar da mai lafiya, ƙoda ce ke fitar da rarar. Ƙwaya kuwa daban ce. Fiye da miligiram 350 a rana na iya sa gudawa da murɗar ciki. Mai ciwon ƙoda kada ya kusance ta, ko ruwan Mist Mag na ƙwannafi, sai da izinin likita, domin yana taruwa a jini ya zama guba. Kuma kada a haɗa shi lokaci guda da ciprofloxacin ko tetracycline, yana hana su aiki. Likita zai faɗi tazarar da za a bari. Mai ciki da ke ciwon kai mai tsanani, kumburi ko jijjiga, asibiti za a kai ta nan take. Allurar magniziyom da ake yi mata can ba aikin gida ba ce.

Uwargida, gobe in za a surfa hatsi, a sassauta hannu kaɗan.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa.