Ɗakin Araha a Jirgin Ruwa, Abin Kunya Ne?

Wani dattijo mai karanta wannan mujalla daga wajen Aujara, a ƙasar Jahun, ya aiko mana da tambaya. Ɗansa da ke aiki a Ingila yana so ya kai shi da uwargida yawo cikin babban jirgi a Bahar Rum, su ga Afisa da tsibirin Batmusa, inda Yahaya ya ga wahayi. Kuɗin yaron ba su wuce na ɗaki marar taga ba. Dattijon kuwa yana shawarar sayar da riɗinsa duka, ya jinginar da gona, don a ƙara a kama musu ɗakin manya, kada a ce sun tafi a wulakance.

Baba, a dakata tukuna. Bari mu ba da labari.

A dā mai zuwa Turai daga ƙasarmu sai ya bi jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, kāna ya shiga jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster a Apapa. Mafi suna a cikinsu shi ne Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, ya daina a 1974. Yana da wurin mutum 253 a babban aji, da 76 a na biyu. Tafiya zuwa Libaful takan ci kamar mako biyu. A jiragen kamfanin, fatake masu zuwa Takoradi ko Saliyo sukan shimfiɗa tabarma a filin jirgi, su kwana tare da kayansu. Da mai katifa da mai tabarma, rana ɗaya suke isa tasha.

Haka abin yake har yanzu. Ɗakin da ke can ciki, marar taga, shi ne mafi araha. Amma akwai gado, da makewayi, da na'urar sanyaya ɗaki. Abincin babban zaure kuma ɗaya ne ga kowa. Wanda ya wuni yana kallon kangayen Afisa, barci kaɗai zai kai shi ɗaki.

Duk da haka, an ce araha ba ta ado. Sai a lura da abu huɗu. Na fari, a nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, gama can ne raƙuman ruwa ba su cika jijjiga mutum ba. Na biyu, a guji kusa da inji, da ƙarƙashin ɗakin dafa abinci ko wurin kiɗa, saboda hayaniya. Na uku, in akwai tsoho mai ciwon gwiwa, kada ɗakin ya yi nisa da na'urar hawa bene. Na huɗu, a tambaya a rubuce ko kuɗin sun haɗa da ladan ma'aikata, da abin sha, da motar zagaya gari. Nan ne araha takan koma tsada.

Mu tuna da Manzo Bulus. Littafin Ayyukan Manzanni sura 27 ya nuna a jirgin dakon alkama na Iskandariya aka ɗauke shi, yana ɗaurarre. Su 276 ne a ciki. Jirgin ya farfashe a gaɓar Malita, amma ba wanda ya hallaka. Ba ɗaki mai kyau ya tsirar da su ba, Ubangiji ne.

Saboda haka, Baba, a bar gona a inda take. Tafiyar mako ɗaya ce, damina kuwa tana zuwa kowace shekara, jikoki kuma za su ci tuwo. A karɓi kyautar yaro da godiya, a sa masa albarka. Daidai ruwa, daidai tsaki. In an yi marmarin ganin teku, a hau saman jirgi da sassafe. Kallon nan kyauta ne.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.