3.4 Yadda Ruwan Sama Ke Karkata Alƙiblar Igiyar Tauraron Ɗan'adam

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan wata illa da ruwan sama ke yi wa igiyar rediyo, ban da rage mata ƙarfi. Illar ita ce karkata alƙiblarta. Abin da ake nufi da alƙibla a nan shi ne ɓangaren da igiyar ke kaɗawa a lokacin tafiyarta, wato ko a tsaye ko a kwance. Masana'antar sadarwa tana cin moriyar wannan bambanci, domin tauraro ɗaya yakan aiko da saƙo biyu a kan zango ɗaya, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ba tare da sun cakuɗa ba. Shi ya sa akwatin talabijin ke tura wutar bolt 13 zuwa na'urar da ke gaban farantin dish idan ana son igiya ta tsaye, bolt 18 kuwa idan ana son ta kwance.

Tauraron da ke tsaye a wuri guda yana da nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, amma matsalar tana aukuwa ne a 'yan kilomitocin ƙarshe, inda ruwa ke zuba. Dalili kuwa shi ne siffar ɗigon ruwa. Ƙaramin ɗigo a mulmule yake, amma babba, idan yana faɗowa, iska kan danne shi ta ƙasa har ya baje kamar waina. Saboda haka igiyar da ke kwance takan ratsa ruwa mai yawa fiye da wadda ke tsaye, sai ta fi raunana, ta kuma fi jinkiri.

Da a ce ɗigon yana faɗowa daidai, da kowace igiya ta tsaya a matsayinta. To amma iska takan karkata shi. Idan haka ta faru, wani kaso na igiyar tsaye kan zame ya koma kwance, na kwance kuma ya koma tsaye. A nan ne saƙo biyun ke shiga juna, hoto ya daskare ko ya ɗauke. Ƙanƙarar da ke cikin gajimare ma takan haddasa irin wannan karkata.

Bugu da ƙari, illar tana ƙaruwa idan zangon ya yi sama, misali daga gigahaz 4 zuwa gigahaz 12, haka kuma idan farantin yana duban ƙasa-ƙasa, domin tafiyar igiyar a cikin ruwa ta ƙara tsawo.

A taƙaice, duk injiniyan da zai tsara hanyar sadarwa ta tauraro irin NigComSat-1R, wanda aka harba a shekarar 2011, wajibi ne ya yi la'akari da mamakon ruwan watan Agusta. Idan ya lissafa raunin igiya kaɗai ya manta da karkatarta, to lissafinsa bai cika ba.