Kirsimeti Ba Tsere Ba Ce: Abin da Ya Kamata Iyalin Kirista Su Sani

A yawancin gidajen Kirista na Arewa, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Numan zuwa Kaltungo da Zuru, babu watan da ke cin jiki da aljihu kamar Disamba. Tela ya yi alkawari bai cika ba, kuɗin mota ya tashi a tasha, katunan biki sun taru a kan tebur, ga horon waƙa kusan kowace yamma. Kafin ranar 25 ta zo kowa ya jigata, washegari kuma a tashi da ciwon baya da lissafin bashi. Mutane da yawa sun ɗauka haka Kirsimeti take tun fil azal. Alhali kalandar ikilisiya ta ware makonni kafin ranar domin jira, ta kuma ware kwana 12 daga ranar domin murna. Mu ne muka tattara duka muka cusa cikin yini guda.

Makonnin jiran nan su ake kira Adbent. Suna farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wato wata rana tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, su ƙare a jajibere. Tsawonsu ya danganta da ranar da Kirsimeti ta faɗo. A 2022, da ta faɗo ranar Lahadi, an yi kwana 28. A 2023, da ta faɗo Litinin, kwana 22 kacal aka samu. Ga 'yan Katolika da Anglika da Lutheran, Lahadin farko ta Adbent ita ce ma farkon sabuwar shekarar ikilisiya. Wanda ya leƙa cocin Katolika a lokacin zai ga fada cikin tufafi masu launin shunayya, launin tuba da shiri. Akwai ikilisiyoyi da dama a Arewa da ba sa bin wannan kalanda a sujadarsu, kuma ba su yi laifi ba, domin babu inda Littafi Mai Tsarki ya umarci a kiyaye ta. Sai dai iyali ba sa bukatar sanarwa daga bagadi kafin su ɗauki abin da zai amfane su a cikin gidansu.

Al'adar ta daɗe. Shaida mafi tsufa a rubuce ta bikin 25 ga Disamba daga Roma ta fito, ta shekarar 336. A ƙarni na biyar, wani bishop na birnin Tours a ƙasar da yau ake kira Faransa, mai suna Perpetuus, ya tsara azumin kwana uku a kowane mako tun daga 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. Daga baya aka taƙaita lokacin zuwa Lahadi huɗu kamar yadda Roma ke yi. A gabas kuwa ba a rage ba. Har gobe Kiristocin Masar da na Habasha suna ƙaurace wa nama da madara fiye da kwana 40 kafin bikinsu, wanda suke yi ranar 7 ga Janairu. Hikimar magabata a nan a fili take: wanda ya rage ci kafin biki shi ke jin daɗin biki. Mu kuwa mun juya abin. Tun 1 ga Disamba ake fara walima, ta ofis, ta ƙungiya, ta unguwa, har ranar da aka yi duk wannan dominta ta iso ta tarar an ƙoshi.

Labarin haihuwar ma kansa labarin jira ne, in mutum ya karanta shi a natse. A wuri biyu kawai yake, surori biyun farko na Matiyu da biyun farko na Luka, kuma ba zai ci rabin awa ba. Zakariya ya bebance har matarsa Alisabatu ta haihu. Maryamu ta je wurin Alisabatu ta zauna kusan wata uku. Saminu ya tsufa yana sauraron cikar alkawari, Hannatu kuma ta ƙarar da shekarun gwaurancinta a Haikali tana addu'a da azumi. Akwai kuma wani ɗan bayani da masu wa'azi ba su cika tsayawa a kai ba. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Shari'ar Musa ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Iyalin da ake yi wa wannan biki duk shekara ba su ci bashi don su burge kowa ba.

To, me iyali za su yi a aikace? Abu mafi sauƙi shi ne kyandir. Wannan al'ada daga Jamus ta taso. A 1839 wani fasto mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda ke riƙon yara marasa galihu a Hamburg, ya gaji da tambayar da suke masa kullum ta saura kwana nawa. Sai ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ya jera mata kyandirori, manya farare na ranakun Lahadi, ƙanana jajaye na sauran ranaku, ana ƙara kunna ɗaya kowace rana. Da abin ya shiga gidaje sai aka bar huɗun Lahadi kaɗai. Ba sai an nemo ganyen Turai ba. Faranti da yashi da kyandir huɗu sun isa. Lahadin farko a kunna ɗaya, ta biyu a kunna biyu, haka har ta huɗu. Yaron da ya ce, "Baba, yaushe ne Kirsimeti?" sai a ce ya ƙirga waɗanda ba a kunna ba. A kula dai, lokacin hunturu ne, komai a bushe yake, kada a ajiye wuta kusa da labule ko a bar wa yara su kaɗai.

Da kyandir sai karatu. Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake cikin Hausa, ga kuma fassarori a harsunan gida da dama, don haka kaka da jika za su iya zama a tabarma ɗaya kowa ya fahimta. Bisharar Luka sura 24 gare ta. In aka fara ranar 1 ga Disamba, sura ɗaya kowace rana, jajibere za a kammala. Sai dai wasu surorin suna da tsawo, ta farko ma aya 80 ce, saboda haka gidan da ke da ƙananan yara gara su ɗauki ayoyi kaɗan daga Ishaya da Mika da farkon Luka. Minti goma bayan tuwon dare, waƙa ɗaya, addu'a gajeriya, wayoyi a kife. Shawarata ga iyaye maza musamman: kada a mai da zaman wa'azi. Da zarar Baba ya fara "batu na farko, batu na biyu", yara sun tafi ko da suna zaune. In kuma an tsallake kwana biyu saboda baƙi ko rashin lafiya, a ci gaba daga inda aka tsaya, babu ramuwa.

Yara kuma suna son abin da za su taɓa da hannu. A 1223 Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi da ciyawa da sa da jaki masu rai a ƙauyen Greccio na Italiya, domin mutanen karkara su ga labarin da idonsu. Yaranmu da suka iya gina shanun laka da motar kara ba sa bukatar a saya musu na roba. Ga karan dawa ko'ina bayan girbi. A bar su su gina rumfa da makiyaya da tumaki a hankali, mako bayan mako, a bar komin wayam sai daren 24.

Duk wannan ba zai zaunu ba in ba a taɓa inda gaggawar take fitowa ba, wato kuɗi da alkawura. Da sanyin safiya ake kama fara: zaman da zai ceci Disamba a farkon Nuwamba ake yin sa. Maigida da uwargida su zauna da takarda, su fara cire kuɗin makaranta na Janairu da na haya, abin da ya rage shi ne na biki. Mafi yawa juyawa ake yi, a yi biki tukuna, a bar makaranta ga Allah. Mutanenmu suna da dabarunsu tun da, kuma suna aiki. Watanda na sa gida goma su ci naman sa guda ba tare da kowa ya karye ba. Adashin da aka tsara kwasarsa ta faɗo Nuwamba ya fi rancen Disamba sau dubu. Yadi kuma a kai wa tela tun kafin ɗinki ya yi masa yawa, domin telan da ke kwana a shago ranar 23 ba mugu ba ne, mu ne muka taru masa a rana ɗaya. Kayan Kirsimeti na yara abin farin ciki ne, ban ce a hana su ba. Amma anko uku a wata guda, na biki, na ƙungiya, na dangi, wannan ba wajibi ba ne, kuma "bana ba zan samu dama ba" magana ce da ba ta kashe zumunci.

Akwai wata gaskiya da ba a son faɗa: coci ma na cikin masu gajiyar da iyali. Zumuntar Mata na da taronta, matasa na da nasu, mawaƙa na horo, makarantar Lahadi na shirya wasan kwaikwayo, ga godiyar kaka, ga taron 'yan gari. Kowanne alheri ne in aka ɗauke shi shi kaɗai. In aka haɗa su kuwa, sai a wayi gari uba na can, uwa na can, yara na can, mako biyu ba a ci abinci tare ba, duk da sunan aikin Ubangiji. Alhali sujada ba sai ta gajiyar ba: sujadar karatu tara da waƙoƙi da ake yi a majami'u da yawa ta fara ne a Truro ta Ingila a 1880, a hannun Bishop Edward Benson, cikin wani ginin katako na wucin gadi. Gajerun karatu ne da waƙa a tsakaninsu, ba jawabin babban baƙo, ba gasar ƙungiyoyi. Ya kamata dattawan ikilisiya su dubi jadawalinsu da idon mai goyo. Kafin su duba, iyali na da ikon zaɓen abin da za su halarta, su kuma keɓe yamma biyu a mako da ba mai fita.

Sai wadda nauyin ya fi faɗa wa. A gidaje da yawa uwa ce ke tashi tun kafin asuba ranar Kirsimeti, ta hura wuta, ta ɗora shinkafa, ta yi wa yara wanka ta shirya su. Kowa ya tafi sujada fes, ita tana bakin murhu, ko ta iso ana addu'ar rufewa. Shekara da shekaru haka, har an daina ganin abin a matsayin matsala. Maganin ba mai wuya ba ne. Cincin na iya kwana da yawa bai lalace ba, a yi shi tun da wuri. A soya nama, a niƙa kayan miya ranar 24. Samarin gida su ɗebo ruwa su wanke tukwane, ba abin kunya ba ne. A rage yawan kalolin abinci. In maigida ya ce, "Maman yara, bana tare za mu shiga coci, abinci ya jira," ya kuma tsaya a kan maganarsa, ya yi wa gidansa abin da buhun shinkafa ba zai yi ba.

Babban sauƙin kuwa yana bayan ranar. Kirsimeti kwana 12 ce, daga 25 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, sannan ranar 6 a tuna da zuwan masana taurari daga gabas. (Matiyu bai ce su uku ba ne, kyautai uku ya lissafa: zinariya da lubban da mur.) Ranar 26, wadda hutu ce a Najeriya, ita ce ranar tunawa da Istifanas, shahidin farko, wanda tun asali aka zaɓe shi domin kula da rabon abinci ga gwauraye. Wanda ya san wannan ba zai matsa wa kansa sai ya gai da surukai da kawu da gwaggo da uban gidansa duk a yini ɗaya ba. Ranar 25 ta sujada ce da mutanen gida, da kwanonin da ake aika wa maƙwabta, Kirista da Musulmi, kamar yadda su ma suke aikowa da Sallah. Sauran ziyara a shimfiɗa ta cikin kwanakin da ke biye. Tafiya gida ma haka. Ba banza Hukumar Kiyaye Haɗurra ke yawaita gargaɗi a ƙarshen shekara ba: direbobi na neman sawu biyu a inda ake yin ɗaya, ga hazon hunturu. Wanda aikinsa ya ba shi dama ya tafi tun kafin cunkoso, ko ya bari sai 27, lokacin da tasha ta ɗan lafa, kuma har yanzu cikin Kirsimeti zai isa.

A cikin kwanakin nan ne kuma ake samun sukunin tunawa da waɗanda bikin ke yi wa nauyi. Kusan kowace ikilisiya a Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Borno da Adamawa tana da gwauraye da marayu, da iyalan da rikici ya raba da garuruwansu. Ana yawan kai musu kaya a taron jama'a, a ɗauki hoto, a watse. Kayan na da amfani, amma matar da wannan ce Kirsimetinta ta farko ba mijinta ta fi bukatar wanda zai zo ya zauna da ita ranar 28 ko 29, bayan hayaniya ta kwanta kowa ya koma harkarsa. A tafi da yara, a riƙa mata ɗan abin da aka dafa, a bar ta ta yi maganar mamacin in tana so, kada kuma a shiga ana duba agogo.