Daga Landan Zuwa Niyok: Awa Nawa Ne?

Tsakanin Landan, babban birnin Ingila, da Niyok ta ƙasar Amurka akwai nisan wajen mil 3,450, wato kilomita 5,550 ke nan. Yawancin hanyar kuwa bisa Tekun Atlantika take, ba zango ko ɗaya. Ɗan makarantar da ya iya lissafi zai ce, tun da nisan ɗaya ne, ai zuwa da dawowa daidai suke. Amma fa ba haka ba ne. Jirgin sama yakan yi wajen awa 8 daga Landan zuwa Niyok, dawowa kuwa wajen awa 7.

Iska ce sanadi. Can sama, mil 6 ko 7 daga ƙasa, inda manyan jirage suke bi, akwai wata iska mai ƙarfin gaske wadda take kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale ya san bin ruwa ya fi haurawa sauƙi. Jirgi mai zuwa Amurka haurawa yake yi, shi ya sa matuƙa sukan kauce wa iskan nan. Mai dawowa kuwa nemanta yake yi don ta tura shi. Da sanyi ta fi ƙarfi. A watan Fabrairu na 2020, lokacin wani babban hadari, ta kora wani jirgin British Airways daga Niyok har Landan cikin awa 4 da minti 56 kaɗai.

To, sai maganar agogo, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Agogon Landan yana gaban na Niyok da awa 5, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin ya faru ne. In ka tashi daga Landan da ƙarfe 10 na safe, za ka sauka da ƙarfe 1 na rana, sai ka ce tafiyar awa 3 ce. In ka bar Niyok da ƙarfe 7 na yamma, sai 7 na safe za ka isa Landan, kamar ka yi awa 12. Ka ga tikiti ya gajarta doguwar, ya tsawaita gajeriyar! Saboda haka, mai karatu, in kana da maganin da likita ya ce ka sha bayan kowace awa 8, ƙidaya awoyin da kanka, kada ka bi agogon bango na filin jirgi. In kuma za ka aika a tarye ka, faɗi lokacin garin da za ka sauka.

Dā akwai wani jirgi mai suna Concorde wanda yakan gama tafiyan nan cikin awa 3 da rabi. Fasinjansa yakan bar Landan da ƙarfe 10 da rabi, ya tarar ƙarfe 10 ba ta yi ba tukuna a Niyok. Shan mai da tsadarsa sun yi yawa, aka ajiye shi a 2003.