Digiri a Nazarin Kiɗa: Sai Ɗan Argungu Ya Je Nsukka Kafin Ya Karanci Gangar Masunta?

A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya san bikin nan ba ya tafiya sai da kiɗa. Ga makaɗa a cikin jirage suna zuga masunta, ga 'yan dambe da 'yan kokawa kowa da takensa, ga kuma kakaki da algaita idan Sarkin Kabi ya fito. Haka ake yi tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta zama mafarin bikin a siffarsa ta yau. Amma idan yaro daga Argungu ko Birnin Kebbi ya ce yana son ya yi digirinsa na farko a kan wannan kiɗan, ya san yadda aka gina shi, ya rubuta shi, ya kwatanta shi da na wasu al'ummomi, to yawancin ƙofofin da zai ƙwanƙwasa suna kudu ne: Nsukka, wadda ta buɗe sashen kiɗa na farko a jami'o'in Nijeriya a 1961, ko Ile-Ife, ko Fatakwal, ko Legas.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ba mu yi komai ba a wannan fage. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello sun yi aikin da ya cancanci yabo a kan waƙar baka. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata tun 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarinsu. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan wannan jiha, ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Sai dai kusan dukkan wannan aiki a kan kalmomi yake: turke da salo da zambo da habaici da azanci. Ɗalibinmu zai iya cika shafi hamsin a kan hikimar da ke cikin waƙa ɗaya ta Musa Ɗanƙwairo, amma ka tambaye shi me kotso yake yi a daidai lokacin da 'yan amshi suka karɓa, ko bugu nawa ne ke cikin zagaye ɗaya na kiɗan, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba a ba shi kayan aikin ba. Mun raba waƙa gida biyu, mun ɗauki rabin da ake iya bugawa a takarda, mun bar rabin da kunne ke ji.

Wannan rabin da muka bari shi ne abin da digirin nazarin kiɗa yake koyarwa, kuma ya kamata a san abin da ya ƙunsa, domin da yawa sun ɗauka makarantar koyon raira waƙa ce. Karatu ne na shekara 4 ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, ko shekara 3 ga mai takardar NCE ko difloma a fannin. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Ingilishi, kuma sassa da dama suna gwada ɗalibi a gaban malamai kafin su karɓe shi, su ji kunnensa da muryarsa ko hannunsa a kan wani abin kiɗa. Wasu suna karɓar takardar shaidar ƙa'idojin kiɗa ta makarantar MUSON da ke Legas ko makamanciyarta. Tun daga nan ɗan Kabi ya fara cin karo, domin da wuya ka sami sakandare a yankinmu da ke koyar da kiɗa a matsayin darasin jarrabawa.

Idan ya shiga, shekarar farko da ta biyu na gina tushe ne. Zai koyi karanta kiɗa da rubuta shi a kan layukan nan biyar na Turawa. Zai yi horon kunne, wanda shi ne darasin da ya fi ba ɗalibai wuya: malami ya buga sauti, kai kuma ka rubuta abin da ka ji, tsayinsa da tazararsa da tsawon lokacinsa, ko a miƙa maka takarda ka rera abin da ke kanta ba tare da ka taɓa jin sa ba. Zai karanci ƙa'idojin haɗa muryoyi, da tarihin kiɗan Turai, da kiɗan Afirka. Dole ya zaɓi abin kiɗa ɗaya da zai ƙware a kai, ya kuma iya taɓa fiyano ko yaya, ya shiga ƙungiyar kiɗa ko ta rera waƙa ta sashen. Ga kuma kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗalibin jami'a yake yi. A shekara ta uku da ta huɗu ne ake shiga nazari sosai: ilimin kayan kiɗa, da hanyoyin binciken fili, da kwafe kiɗa daga faifai zuwa takarda a feɗe shi, da fasahar ɗaukar sauti, sannan kundin kammalawa.

A darasin kayan kiɗa, misali, zai haɗu da tsarin da Hornbostel da Sachs suka fitar a 1914, wanda ya kasa kayan kiɗan duniya bisa abin da ke girgiza ya ba da sauti. A wannan tsari kalangu da tambari da kotso dangi ɗaya ne domin fata ce ke amo, goge da garaya da kuntigi na tsirkiya ne, kakaki da algaita da sarewa na iska ne, ƙwaryar da mata ke kaɗawa kuwa jikinta ne ke amo. Tsari ne mai amfani, amma Bahaushe ba haka ya kasa nasa ba. Shi tambayarsa ita ce, wa ake yi wa? Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki kuwa na sarauta ne, ba a busa kakaki ga kowa don yana da kuɗi. Ɗalibin da ya san tsarin farko kaɗai zai iya jera kayan kiɗa a gidan tarihi, amma ba zai gane dalilin da ya sa bugun tambari a inda bai dace ba yake iya zama rigima.

Haka ma layukan nan biyar. Abin da aka saba rubutawa a kansu shi ne sautuka goma sha biyu masu tazara daidai wa daida, irin na fiyano. Makaɗin kalangu kuwa matse tsarkiya yake yi a hammata, sautin ya zame daga ƙasa zuwa sama yana bin karin harshen Hausa, har mai sauraro ya ji sunansa da kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. Wannan zamewar ba ta da gurbi a kan layukan, sai an ƙirƙiro ƙarin alamomi ko an nemi taimakon kwamfuta mai auna sauti. Nan ne aikin yake da daɗi, kuma nan ne ɗan gida ya fi baƙo dama, domin shi yana jin abin da gangar ke faɗa. Abin takaici, waɗanda suka yi mana wannan aikin yawancinsu baƙin ne. David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya yi nazarin kiɗan fadar Kano da na bori. Marigayi Russell Schuh ya daɗe yana bin dangantakar gaɓar Hausa, doguwa da gajera, da yadda mawaƙi ke ɗora ta a kan kiɗa. Allah ya saka musu, amma shekara fiye da hamsin bayan wancan ƙamus, ya ci a ce muna da namu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan kauce masa ba. Akwai iyayen da ba za su yarda ɗansu ya shekara huɗu a jami'a ya fito da takardar da ke ɗauke da kalmar kiɗa ba, wasu don addini, wasu don a al'adarmu makaɗi maroƙi ne, ana jin daɗin waƙarsa amma ana jinkirin ba shi aure. Game da addini, ni ba mai fatawa ba ne, kuma saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne. Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu duk sun yi rubutu a kan hukuncin ganguna da bushe-bushe, kuma ba a kowace gaɓa suka yi ittifaƙi ba. Wani Bajamushe, Veit Erlmann, shi ya tattara waɗannan rubuce-rubuce ya yi littafi a kansu a 1986. A ganina wannan muhawara kanta darasi ce da ya kamata a koyar, a kuma koyar da ita a Birnin Kebbi, hedikwatar masarautar Gwandu, da littattafan a gaban ɗalibi. Al-Farabi, wanda ya rasu a wajajen 950, ya rubuta babban littafi a kan ilimin sautin kiɗa, yana lissafin tazarar sautuka kamar mai lissafin taurari. Mai nazarin abu daban yake da mai sana'arsa, kamar yadda malamin da ya yi kundi a kan waƙoƙin Gambo Fagada bai zama ɓarawo ba don ya nazarci waƙar ɓarayi.

To, ina mafita? A Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja da ake kira CCMAS. A ƙarƙashinsa hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasan kowane digiri, ita kuma jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da muhallinta. Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120, ke nan kimanin yunit 36 ne a hannun jami'a, wato kwas goma sha biyu zuwa goma sha takwas. Wannan fili ne babba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ba sai ta jira ta gina sashe mai cike da fiyano ba. Za ta iya farawa da kwas uku ko huɗu da ɗaliban harshe da na tarihi za su ɗauka: horon kunne, kayan kiɗan Hausa da maƙwabta, kiɗa da karin harshe, da binciken fili. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu kuwa ita ce ta fi kusa da gindin matsalar, domin daga kwalejojin ilimi ake samun malaman da za su kai darasin firamare da ƙaramar sakandare, kuma takardarsu ta NCE ce ke buɗe hanyar shiga jami'a kai tsaye.

Ɗakin gwajin yana nan, ba sai an gina ba. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958 a tsohuwar fada, yana ajiye da ganguna tare da kayan yaƙi. Jihar ba ta Hausawa kaɗai ba ce: ga kiɗan Uhola na Dakarkari a Zuru, ga na Kambari da Gungawa a ƙasar Yauri, ga na Zabarmawa da Dandawa da Fulani. Ga gadon Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa fadojin Argungu da Yauri waƙa, da ɗansa Sani. Ɗalibi ɗaya a aji huɗu, da na'urar ɗaukar sauti mai kyau da wata uku a hannunsa, zai iya tattara taken masunta na gari guda, ya rubuta kowane take, da kalmomin da yake faɗa, da wanda ake yi wa shi. Bikin Argungu ya yi kusan shekara goma a tsaye kafin a dawo da shi a Maris na 2020, kuma shekara goma ta isa tsohon makaɗi ya rasu ɗansa ya koma acaɓa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wa zai koyar. Masu digirin da ƙa'idar jami'a ke nema a wannan fanni kaɗan ne a arewa, waɗanda suka san kiɗan kuwa ba su da takarda. Maƙwabtanmu sun sami hanya. A Gana, J. H. Kwabena Nketia da abokan aikinsa a Legon sun shigo da gwanayen makaɗan gargajiya suna koyarwa kafaɗa da kafaɗa da malaman jami'a. A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya tun 1989, inda marigayi Malam Maman Barka ya yi aiki. Shi ne ya tafi gaɓar tafkin Chadi ya koyi biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun ɗaya daga cikin gwanayensa na ƙarshe. Jami'a tana da ikon ɗaukar Sarkin Makaɗa a matsayin malamin koyarwa a aikace, ta biya shi bisa awa kamar kowane malami mai ziyara, shi kuma malami mai digiri ya riƙe ɓangaren nazari da jarrabawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, kuma ya cancanta. Abin da ya rage shi ne a ba irinsa aji da jadawalin darasi, kuma wannan shawara ce da majalisar malaman jami'a za ta iya yankewa a zama ɗaya.