Ganyen Koka da Goro: Yadda Baƙi Ke Raɗa wa Al'umma Suna



Idan aka ambaci ƙasar Kolombiya da ke Kudancin Amurka, abin da ke fara zuwa a zukatan mutane shi ne hodar iblis, watau koken. Maƙasudin laccar nan shi ne mu bi sawun wannan suna, mu ga wanda ya raɗa shi.

Tun kafin zuwan Turawan Sifen, ƙabilun can irin su Kogi da Arhuwako suna tauna ganyen koka, suna musayarsa wajen gaisuwa, kamar yadda Bahaushe ke yi da goro. A Jamus ne wani masani, Albert Niemann, ya tace hodar daga ganyen a 1860. A 1886 kuma aka fito da Coca-Cola a Amurka, kuma sunan nan haɗin koka ne da kola, watau goro. To, goro ya tsira da mutuncinsa, koka kuwa ya zama abin zargi, domin an sami masu sayen hodarsa da tsada a Amurka da Turai.

Manomin Kafur ba baƙo ba ne ga irin wannan al'amari. Kakanninsa sun noma auduga don kaɗi da saƙa. Da Turawan Ingila suka kafa kamfanin BCGA a 1902, aka kuma girka injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, sai masaƙun Ingila suka zama masu yanke wa audugar Gozaki da Masari farashi. Haka manomin Kolombiya ya bi abin da kasuwar waje ta nema, sai dai nasa amfanin gonar haramtacce ne. Ribar ta tafi ga dillalai irin su Pablo Escobar, wanda aka kashe a Medelin a 1993. Shi kuwa manomi, a ƙarƙashin shirin da Amurka ta tallafa wa daga 2000, jirage suka yi ta yi masa feshin maganin kashe ciyawa, har da gonakin abinci, sai a 2015 aka dakatar.

Sannan masu fim suka ɗora. Shirin Narcos na 2015 ya sa duniya ta san Escobar fiye da Gabriel Garcia Marquez, marubucin da ya ci kyautar Nobel a 1982, fiye kuma da dubban iyalai masu noman gahawa. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Mu ma mun ɗanɗana. Tun daga shekarun 1980 ake tsananta wa mai fasfon Nijeriya bincike a filayen jirgin sama. A Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Madina saboda ƙwayoyin da wasu suka sa a jakar da aka liƙa wa sunanta, ba a sake ta ba sai a Afrilu 2019.

Wannan bayani ba ya wanke mai laifi. Fataucin ƙwaya gaskiya ne, a can da nan. Amma Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wanda ya riƙe linzami shi ke juya doki. Saboda haka wajibi ne ɗalibanmu su rubuta tarihin garuruwansu da sana'o'insu da harshensu, ma'aikaci kuma ya tambayi tushen kowane suna kafin ya shigar da shi cikin takardar gwamnati.

Allah ya sa mu dace.